Rahoton Ayyukan Shekara: Awon Zafin Iska da Tarukan Bita a Kaduna

Assalamu alaikum 'yan'uwa mambobi.

Babban aikinmu a bana shi ne gyara yadda ake ɗaukar awon zafi a makarantun da muke hulɗa da su. Da kwamiti ya zagaya, ya tarar an rataye wasu ma'aunan a ƙarƙashin rufin kwano, wani ma a jikin bangon siminti da rana ke duka tun hantsi. Irin wannan awo zafin kwano da bango yake nunawa. Mun mayar da su cikin farin akwatin katako mai tsagogin shan iska, a kan ciyawa, tsayin mita 1.25 zuwa 2 daga ƙasa, nesa da kwalta da janareta. A riƙa rubuta mafi zafi da mafi sanyi kullum a lokaci guda. Ranar da aka tsallake a bar gurbinta, kada a cike da kintace.

A tarukan bita mun dage kan rarrabe dalilan sauyin yanayi. Akwai na halitta. Aman wutar dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin a 1991 ya rage zafin duniya da kusan rabin digiri na ma'aunin Celsius har kimanin shekara biyu, ƙarfin hasken rana kuma yana ɗan hawa da sauka duk shekara 11. Waɗannan zuwa suke yi su wuce. Wadda ke taruwa ita ce iskar kabon dayoksaid daga ƙona kwal, fetur, gas da sare daji, domin tana tare zafin da ƙasa ke fitarwa. Kafin zamanin masana'antu kashi 280 ce cikin miliyan na iskar sararin sama, yau ta haura 420.

Mu nan Kaduna muna da namu ƙarin. Siminti da kwalta suna shan rana da yini su sako zafin da dare, shi ya sa cunkoson Tudun Wada ya fi bayan gari ɗumi. Saran itace don gawayi a dajin Afaka abin takaici ne ƙwarai.

Muna roƙon mambobi su daina yanke hukunci kan sauyin yanayi da awon shekara biyu ko uku. Shekarar da hazon hunturu ya yi kauri kaɗai tana iya karkatar da lissafi. Masana shekara 30 suke kwatantawa, kamar 1991 zuwa 2020.

Dashen itatuwanmu bai yi kyau ba: mun makara har damina ta ja baya, awaki suka cinye saura. Baɗi za a dasa a watan Yuni da Yuli, kowane dashe da shingensa da wanda zai ba shi ruwa a rani.