Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ɗan'uwan da ya tambaye ni ɗan wasan da ya fi kowa

Assalamu alaikum.

Ɗan'uwa, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin in cika alkawarin da na ɗauka ranar da ka bugo waya a shirin wasanni na rediyo da aka gayyace ni. Ka tambaye ni a bainar jama'a wane ne a ganina ya fi kowa a cikin duk 'yan wasan motsa jiki da aka taɓa yi, kuma da na ambaci Eddy Merckx, ɗan tseren keke na ƙasar Beljiyam, sai ka ce atafau ba ka yarda ba. Hujjarka biyu ce: cewa keken ne yake yin rabin aikin, da cewa ƙwayoyin ƙara kuzari sun riga sun zubar wa wannan wasa da mutunci, don haka bai dace a jera ɗan keke da Muhammad Ali ko Pele ko Usain Bolt ba. Lokaci ya ƙure mana a ranar, ga shi kuma magana ce da ba ta ƙarewa a minti biyu.

Irin wannan gardama ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin har gobe dattawan da suka ga Shago a fagen dambe ba su yarda an sake yin kamarsa ba, kamar yadda masu son kokowa a Nijar suke raba dare suna musu a kan waɗanda suka ɗaga takobi. Abin da yake sa musun ya ƙi ƙarewa shi ne kowa da mudun da yake awo da shi. Ni nawa mudun shi ne tazarar da mutum ya bai wa tsararrakinsa, da yawan fannonin da ya ba su wannan tazara, da tsawon shekarun da ya yi bai sauko ba. Idan an ce a ƙirga lambobin yabo kawai, to Michael Phelps na Amurka ya kashe bakin kowa da zinare 23 a gasar Olamfik, sai dai ninƙaya wasa ne da mutum ɗaya zai iya kwasar zinare takwas a zama guda, kamar yadda ya yi a Beijin a 2008, alhali ɗan dambe ko mai gudun fanfalaki komai gwanintarsa guda ɗaya zai samu a fanninsa.

Batun cewa keke ne ke yin aikin, ina ganin duk wanda ya taɓa tuƙa keke yana fuskantar iskar hunturu ya san amsarsa a cinyoyinsa. Keke ba shi da inji, ƙafar mai shi ce injinsa. A gasar zagaye Faransa, wato Tour de France, ana shafe mako uku ana tsere, kusan kullum a ci nisan da ya kai daga Kano zuwa Zariya ko ya zarce, wata rana a shimfiɗaɗɗen fili, wata rana kuma a haye manyan duwatsu uku ko huɗu, kuma a shekarar 1969 jimillar tafiyar ta haura kilomita 4,000. Babban abokin gāba a wannan wasa shi ne iska. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe, shi ya sa 'yan tsere suke tafiya a dunƙule kamar ayari, suna karɓa-karɓar gaba, kuma shi ya sa wanda ya ɓalle shi kaɗai galibi akan cim masa kafin a kai ƙarshe. A nan, maganar Hausawa ta sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi doka ce da iska ta kafa.

Wannan doka ce Merckx ya karya a watan Yulin 1969, yana ɗan shekara 24, a karonsa na farko a gasar. Ya riga ya sa riga mai ruwan ɗorawa ta wanda ke kan gaba, da ratar kusan minti takwas, ba abin da ake bukata daga gare shi illa ya lallaɓa cikin ayari har birnin Faris. Amma a zangon da ya ƙare a garin Mourenx, sai ya ɓalle a kusa da ƙololuwar dutsen Tourmalet, ya yi tafiyar fiye da kilomita 130 shi kaɗai, ya haye dutsen Aubisque, ya isa da ƙarin ratar kusan minti takwas a kan waɗanda suka haɗa ƙarfi suna bin sa. Ya gama gasar da tazarar da ta kusa minti 18 tsakaninsa da na biyu, kuma ya haɗa kambi uku a lokaci guda: na gwarzon gasa, da na mai yawan maki wanda galibi masu saurin ƙarshe ke ci, da na gwanin hawan duwatsu. Babu wanda ya sake haɗa waɗannan uku a wannan gasa tun daga ranar.

Nan ne ginshiƙin hujjata, domin tseren keke suna ne guda da ya tattara sana'o'i daban-daban, kowace da irin jikin da take so. Mai hawan dutse siriri ne mara nauyi, mai saurin ƙarshe kuma kakkaura ne, mai tseren yini ɗaya a kan hanyar da aka daɓe da duwatsu yana bukatar ƙashi da juriya ga girgiza, sannan mai tsere da agogo yana bukatar iya cinye kansa shi kaɗai ba tare da ya ga abokin hamayya ba. Merckx ya fi kowa a kusan dukkansu. Ya ci gasar Faransa sau biyar, ta Italiya sau biyar, ta Sifaniya sau ɗaya a 1973, ya zama zakaran duniya na ƙwararru a 1967 da 1971 da 1974. A manyan tseren yini ɗaya guda biyar da suka fi daraja ya yi nasara sau 19, bakwai daga ciki a tseren Milan zuwa San Remo mai kusan kilomita 300, yayin da Roger De Vlaeminck, wanda ya fi kowa matsa masa a wannan fanni a zamaninsa, ya tsaya a 11. A watan Oktoban 1972 kuma ya je birnin Meziko ya ci kilomita 49.431 cikin sa'a ɗaya, ya kafa tarihin duniya. Ka kwatanta da a ce mutum ɗaya ne yake lashe gudun mita 1,500 da gudun fanfalaki da gudun ƙetare daji shekara bayan shekara. An ƙirga masa nasara 525, kuma saboda ba ya bar wa kowa ko ƙaramin tsere ne aka yi masa laƙabin da ke nufin mai cin naman mutane.

Ba na so ka ɗauka hanyar a share take. A watan Satumban 1969 ya yi mummunan hatsari a filin tsere na garin Blois, inda mai babur ɗin da yake yi masa jagora ya rasu, shi kuma ƙugunsa ya goce, ciwon baya ya bi shi har ƙarshen wasansa, ke nan yawancin nasarorin da na lissafa da wannan ciwo ya same su. A 1971 Luis Ocaña na Sifaniya ya ba shi kashi a tsaunukan Alf, ya tsere masa da kusan minti tara, sai ƙaddara ta sa Ocaña ya faɗi cikin ruwan sama a wata gangara ya fita daga gasar, kuma washegari Merckx ya ƙi sa rigar jagora domin girmama shi. A 1975 wani ɗan kallo ya naushe shi a ciki yana hawan dutsen Puy de Dôme, bayan 'yan kwanaki ya faɗi ya karya ƙashin kunci, amma ya ƙi janyewa, ya kai Faris a matsayi na biyu bayan Bernard Thévenet. Wannan kayen yana cikin abubuwan da suka fi ƙara masa ƙima a idona.

Sai batun ƙwaya, wanda ba zan rufe ka a kansa ba. Sau uku gwaji ya kama shi. A 1969 an kore shi daga gasar Italiya a garin Savona yana kan gaba, ya musanta har da hawaye, daga baya aka ɗage dakatarwar da aka yi masa. A 1973 an ƙwace masa nasarar tseren Lombardiya saboda wani sinadari da aka danganta da maganin tari. Sai kuma a 1977. Tabo ne, kuma ina ƙirga shi a kansa. Amma akwai nisa tsakanin wannan da abin da ya sa aka ƙwace wa Lance Armstrong na Amurka kambinsa bakwai na gasar Faransa a 2012, domin a zamanin Armstrong sinadarin EPO da ƙarin jini suna iya sauya yawan iskar da jinin mutum ke ɗauka, har su ɗaga matsakaicin ɗan tsere zuwa sahun gaba, abin da magungunan wartsake gajiya na shekarun 1970 ba sa iyawa. Kuma in har ƙwaya ce za ta sa a jefar da wasa ɗungurungum, to gudun mita 100 ma sai ya tafi, tunda a can aka kama Ben Johnson a 1988.

Akwai wata hujja da ba ka kawo ba, wadda ta fi naka biyun ƙarfi, kuma amana ta sa in kawo maka ita. A zamanin Merckx, tseren keke na ƙwararru kusan na ƙasashe ƙalilan ne na yammacin Turai, alhali gudu na kowa ne, ba ya bukatar ko takalmi, kamar yadda Abebe Bikila na Habasha ya nuna a birnin Rum a 1960. Saboda haka daƙiƙa 9.58 da Bolt ya yi a gudun mita 100 a Balin a 2009 nasara ce a kan duniya baki ɗaya. Na yarda da wannan, kuma nasarar Biniam Girmay na Eritiriya, wanda ya ci zango uku da koriyar riga ta mai yawan maki a gasar Faransa ta 2024, ta nuna irin gwanayen da aka daɗe ba a ba su fage ba. Sai dai ana auna mutum ne da waɗanda suka fito masa. Shi kansa Ali bai taɓa haɗuwa da Teófilo Stevenson na Kyuba ba, mai zinaren Olamfik uku, domin ƙasashen gurguzu ba sa shiga damben ƙwararru a lokacin, kuma ba wanda ya rage wa Ali daraja saboda haka. Fifikon Bolt kuwa, duk da girmansa, a gajeren zango ya tsaya. Pele ya ɗaga kofin duniya sau uku, amma a 1962 ya ji rauni tun a wasa na biyu, Garrincha da sauran 'yan Birazil suka ƙarasa aikin, wanda ke nuna wahalar ware rabon mutum ɗaya a cikin goma sha ɗaya.

Game da Muhammad Ali, ina ƙaunarsa kamar yadda kake ƙaunarsa. Mutumin da ya yarda a ƙwace masa kambi a 1967, ya rasa fiye da shekara uku na ganiyar ƙarfinsa saboda ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam, sannan ya dawo ya kayar da George Foreman a turmi na takwas a Kinshasa a 1974, ya yi abin da ya wuce wasa. Da tambayarka ita ce wane ɗan wasa ne ya fi tasiri a rayuwar mutane, da Ali zan ce ba tare da jinkiri ba. Amma a cikin fage, Joe Frazier da Ken Norton sun taɓa doke shi, kuma faɗansa da su kullum kankankan yake, ba a ganin irin ratar da Merckx ya yi shekara bakwai yana bai wa manyan abokan hamayyarsa, Gimondi da Poulidor da Zoetemelk.

Mutum ɗaya ne a yau yake sa ni sake duba matsayina, wato Tadej Pogačar na Sulobeniya, wanda a 2024 ya haɗa gasar Italiya da ta Faransa da kambin duniya a shekara guda, abin da kafin shi Merckx a 1974 da Stephen Roche a 1987 kaɗai suka yi a cikin maza, sannan ya kare kambin nasa a Kigali a 2025, karo na farko da aka yi gasar a Afirka. Zuwa ƙarshen 2025 yana da gasar Faransa huɗu, bai kuma ci ta Sifaniya ko San Remo ko tseren Faris zuwa Rubai ba. Ranar da ya cike waɗannan giɓi ya kamo 19 ɗin nan, zan nemi a sake ba ni fili a wannan shiri in faɗa da bakina, kuma ina fatan za ka bugo.

Ka gaishe mini da mutanen gida.

Wassalam,
Ɗan'uwanka.