A duba iyayen kifin da ake sayar mana

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ɗan ba ni fili in faɗi abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya mu masu kiwon tarwada a Kaduna.

Daminar bara na sayo 'ya'yan kifi daga wuri biyu na zuba a tanki biyu, ruwan bohol ɗaya, abinci ɗaya, ni kaɗai ke kula da su. Ko sati uku ba a yi ba na tanki na farkon suka fara goga jiki da bangon tanki, sai ka gansu a tsaye a saman ruwa gashin baki a sama kamar an rataye su, abinci ko kallo, kullum da asuba raga nake sawa in kwashe matattu wallahi har ƙaramin yarona ya daina bina wurin. Likitan dabbobi ya kankari yauƙin jikinsu ya duba da na'ura ya ce ƙananan tsutsotsi ne ke maƙale musu a fata da wurin numfashi. Toh abin mamaki na tanki na biyun ma an ga tsutsar a jikinsu amma suka ci gaba da cin abinci abinsu, gishiri kaɗan da canjin ruwa suka warware.

Ni dai na yarda juriya gado ce, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. An gani a Norwe, wajen 1975 wata tsutsa mai suna Gyrodactylus salaris ta shiga ƙasar a jikin 'ya'yan kifin salmon da aka kawo daga Suwidin, ta kusa ƙarar da salmon a koguna da yawa, alhali na yankin tekun Baltik, inda Suwidin take, sun saba da ita ba ta musu wannan ɓarnar. Kifi iri ɗaya fa, dangi ne kawai ya bambanta. A Filifin kuma tun 1988 suka fara zaɓen iyayen karfasa zuriya bayan zuriya har aka samu irin da ake kira GIFT mai saurin girma.

Mu kuma fa? namijin tarwada sai an yanka shi kafin a samu maniyyin, shi yasa masu ƙyanƙyasa da yawa sai su kamo wani daga tankinsu kawai, wa da ƙanwa ake haɗawa shekara da shekaru jini na ta rauni, mu kuma mu ƙare kuɗin abinci a sayen magani.

Ina roƙon cibiyar binciken kifi ta New Bussa da ABU Zariya da ma'aikatar noma ta jiha su haɗa kai su fitar mana da iyayen tarwada da aka gwada juriyarsu, a riƙa rubuta asalin kowane dangi, kuma duk mai sayar da 'ya'yan kifi ya nuna takardar inda ya samo iyayen kafin mu miƙa kuɗinmu.

Daga wani mai kiwon kifi,
Rigasa, Kaduna