A Ceto Tsoffin Kasa-kasanmu Kafin Su Lalace

Ranka ya daɗe Edita,

Don Allah a ba ni fili in yi kira ga 'yan'uwana masu ɗaukar biki da walima. Kwanaki wani dattijo ya kawo min kaset ɗin Mini DV, wato ƙaramin kaset na kyamarar bidiyo, na auren 'yarsa wai a juye masa a waya, wallahi sai da na zagaye gari kafin na samu kyamarar da za ta karanta shi.

Abin ba wuya fa, kyamarar ce da igiyar FireWire mai haɗa ta da kwamfuta, sai kwamfuta mai ramin da ake jona igiyar, laftof ɗin yanzu ba su da shi amma idan ta tebur ce ana sa mata kati mai wannan ramin a ciki. Manhajar WinDV da ake juye bidiyon da ita kyauta ce. Kaset na awa 1 yana cin wajen giga 13 kuma sai ka zauna awa guda cur yana juyawa, in NEPA ta ɗauke sai haƙuri, don haka a tanadi inbata. Na VHS kuwa na'urar kunna kaset ɗin, da ɗan kafca na USB mai shigar da hoton cikin kwamfuta, da manhajar ɗauka ta OBS sun isa, daga nan a gyara a manhajar DaVinci Resolve.

Zafi da ƙura suna cinye kasa-kasan nan, kuma da yawan mutanen da aka ɗauka a ciki sun riga mu gidan gaskiya.

Naku,
Wani mai ɗaukar bidiyo daga Kano