Ba sunan da ke jikin bindiga ke harbin kifi ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan sam mini fili a wannan jarida mai farin jini in tofa albarkacin bakina a kan maƙalar da kuka buga kwanakin baya game da masu nutso suna harbin kifi da bindigar mashi a ƙarƙashin ruwa. Na ji daɗin ganinta, don ba kasafai ake rubutu a kan wannan harka da Hausa ba. Sai dai akwai inda marubucin ya jero sunayen kamfanoni yana cewa bindigar wannan ta fi ƙarfi, ta wancan ta fi saiti, sai ka ce sunan da aka manna a jikinta ne ke tura mashin. A nan muka raba gari da shi. Shekarata 11 ina nutso da numfashina kawai, ba tukunyar iska, kuma bindigogin da suka ratsa hannuna, nawa da na aro, sun isa in ce wani abu.

Ga wanda bai taɓa riƙe ta ba, iri biyu ce. Akwai mai roba, wadda aikinta ɗaya da danƙon harbin tsuntsu: ka ja robar ka maƙala ta a jikin mashin, ka taɓa kunama ta tafi. Akwai kuma mai iska, wadda ake dura wa iska da famfo, mashin ya danna fistin, wato wani toshi mai zamewa a cikin bututunta, ya ƙara matse iskar idan ana ɗana ta. Dukkansu abokin gabarsu ɗaya ne, wato ruwan kansa, wanda ya fi iska kauri kusan sau 800. Mashin da zai yi tafiya mai nisa a sarari, a cikin ruwa da ƙyar yake wuce mita 4 ko 5 da sauran ƙarfin huda kifi. Yawancin kifin da na taɓa kamawa bai wuce mita 3 daga bakin bindigata ba. Ƙari a kan haka, gilashin nutso yana ruɗin ido, yana nuna abu ya fi girmansa da wajen kashi ɗaya cikin uku, yana kuma matso da shi kusa. Sabon shiga yakan harbi kifin da yake can nesa, mashin ya ƙare igiyar da ta haɗa shi da bindigar ya faɗi ƙasa, shi kuma ya fito yana cewa bindigar ba ta da ƙarfi.

Ni ma haka na ce a shekarata ta biyu. Ina da wata bindiga mai bututun alminiyam, tsawonta santimita 90, da roba ɗaya mai kaurin milimita 16 da mashi mai milimita 6.5. Ba zan ambaci kamfanin ba, don ba shi da laifi ko na anini. Kifi ya yi ta kuɓuce mini, sai na yanke wa kaina hukunci cewa ƙarfi ne ya gaza. Na cire robar, na ɗaura guda biyu masu milimita 18, na kuma gajarta su har sai da ɗana su ya bar mini shaida a ƙirji. Ranar da na shiga ruwa da ita ina ji da kaina. Harbin farko bindigar ta shure ni har wuyan hannuna ya yi ƙara, bakinta ya ɗaga sama, mashin ya bi ta ƙarƙashin kifin ya wuce. Na biyu ya kauce hagu. Kafin la'asar na bugi dutse, mashin ya lanƙwashe. Wani dattijo da muke fita tare ya karɓi bindigar ya jujjuya ta, ya ce da ni, "Yaro, ka ɗaura wa jaki injin mota." Bai ƙara komai ba, ya miƙo mini abata.

Sai daga baya na gane abin da ya faru. Siririn mashi idan aka tura shi da ƙarfin da ya fi shi, lanƙwasa yake yi yana karkarwa tun kafin ya bar bindigar, kuma wannan karkarwar tana cinye gudunsa, tana kautar da shi. Bututun ma, da yake mara nauyi ne, ba shi da jikin da zai shanye shurin, sai ya ja baya ya ɗaga kai, ya taɓa wutsiyar mashin yayin da take fita, kan mashin ya sunkuya. Shi ya sa bindigar da aka cika wa roba takan yi harbi ƙasa. Ashe ƙarfin da na ƙara bai tafi wajen kifi ba, a hannuna ya ƙare.

To, idan aka fahimci wannan, sai a ga cewa kamfanonin da aka jera ba tsere suke yi a layi ɗaya ba. Kowanne ya ƙera kayansa ne don irin ruwan da yake kallo. Na Turai, irin su Beuchat da aka kafa a Marseille ta Faransa a 1934, da Cressi na Genoa a Italiya da aka kafa a 1946, da Omer da Salvimar su ma na Italiya, sun taso ne a yankin Bahar Rum, inda kifin bai cika girma ba, ga wayo, ga saurin tsorata. Don haka bindigoginsu sirara ne, marasa nauyi, masu saurin juyawa, mashinsu siriri mai gudu. Idan kana kwance a ƙasa ka lafe kana jiran kifi ya matso, babu kamarsu, don za ka bi shi da bakin bindigar da hannu ɗaya ba tare da ka tayar da ruwa ba.

Rob Allen na Durban a Afirka ta Kudu wata duniyar ce. Can ruwa ne mai igiya da manyan kifaye masu gudu. Bututunsu yana da kwarmi a samansa tun daga tushe har baki, mashin yana kwance a ciki. Kwarmin nan aiki biyu yake yi: yana ƙara wa bututun tauri, yana kuma tallafe mashin kada ya lanƙwasa a lokacin fita. Mashin nasu na ƙarfen sifirin ne, wanda ya fi wanda ba ya tsatsa tauri, amma yana son a wanke shi da ruwan daɗi a shafa masa mai. Bindigarsu mai santimita 110 da roba biyu masu milimita 16 da mashi mai milimita 7, ita ce wadda nake ɗauka idan ban san me zan tarar ba. Wannan ra'ayina ne, kuma na san masu musu da ni.

Riffe kuma, wanda Jay Riffe ya kafa a Kalifoniya a 1979, da katako ya yi suna, musamman itacen tik da ake liƙa shi falle-falle don kada ya karkace. Mai ganin bindigarsu a waje zai ce nauyi ya yi mata yawa, amma a ruwa katako yana ɗaukar kansa, kuma jikin nan nata shi ne sirrin. Tana iya ɗaukar roba uku da mashi mai milimita 8 ba ta shure ka ba, mashi mai nauyi kuwa ya fi riƙe ƙarfinsa a nesa. Na taɓa aron ta wani aboki na yini guda. Harbinta kamar an ja layi da zare. Sai dai da wani kifi ya gifta ta gefena da gudu, kafin in juyo da wannan gungume ya riga ya shige duhu. Ba aibu ba ne, an ƙera ta ne don buɗaɗɗen teku inda babban kifi ke zuwa gaba da gaba.

Mai iska ita ce marubucinku ya fi zalunta, don ya ambace ta a layi ɗaya ya wuce. Mares, wanda aka kafa a Italiya a 1949, ya daɗe yana yin su, kuma samfuransa Sten da Cyrano sanannu ne ga duk mai wannan harka. Ana dura musu iska wajen bar 20 zuwa 25, bar kuwa ma'aunin matsin iska ne. Fistin yana tura mashin tun daga tushen bututu har bakinsa, alhali roba takan saki tun mashin bai gama fita ba. Shi ya sa gajeriyar mai iska take yin aikin mai roba da ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba, kuma a cikin kogon dutse ko ruwa mai gurɓata ita ce sarauniya. Inda take ba mutum wahala shi ne saiti, domin mashin yana ɓoye a cikin bututu, ba ka ganinsa balle ka bi shi da ido. Sai hannunka ya saba. Tana kuma da ƙara, kuma kowace mita 10 da ka nutsa ruwa yana ƙara danna fistin da bar ɗaya, ƙarfinta ya ɗan ragu. Masu roba sun nemo nasu maganin da bindiga mai ƙananan tayoyi a baki, inda robar ke zagayowa ta ƙasa ta ci gaba da jan mashin har ƙarshe, amma ɗana ta a cikin ruwa mai igiya sai mai haƙuri.

Abin da ya sa nake cewa sunan kamfani bai isa hujja ba: kusan kowanne daga cikinsu yana sayar da gajeru da dogaye, masu roba ɗaya da masu biyu, na alminiyam da na kabon. Bambancin da ke tsakanin mai santimita 75 da mai 120 na kamfani ɗaya ya fi wanda ke tsakanin masu 90 na kamfanoni biyu. Kuma roba tana tsufa. Rana da gishiri suna cin ta, ta fara tsattsagewa a wajen ɗauri. Bindigar da ta fi kowace tsada, idan robarta ta shekara biyu a bayan mota, wata mai araha da sabuwar roba za ta kunyata ta. Haka ma kunnen mashi, wato ɗan ƙarfen da ke buɗewa ya hana kifi zamewa: idan ya ɗan buɗe fiye da ƙima, shi kaɗai ya isa ya karkatar da harbi.

Ni yanzu duk bindigar da ta shigo hannuna, kafin in nufi kifi da ita sai na kai ta ruwa mara zurfi. Nakan ɗaure wani faifan soso da dutse ya tsaya a tsakiyar ruwa, in auna mita 3 da igiya daga bakin bindigar, in yi harbi biyar, sannan in ja baya zuwa mita 4 in sake. Ba tsakiyar faifan nake dubawa ba, ina duba ko hudojin sun taru wuri guda. Idan sun taru, ko da a gefe ne, idona zai koyi gyarawa. Idan sun warwatsu, sai in duba miƙewar mashin ta hanyar mirgina shi a kan tebur, in kuma sassauta robar. Ita waccan tsohuwar tawa mai santimita 90, da na mayar mata da robarta ɗaya, na yanka ta yadda za ta miƙe wajen ninki uku da ɗan ɗori, sai ga hudoji biyar a fili da bai fi tafin hannu ba. Tana nan har yau, ita nake ba duk wanda ya ce in koya masa.

Abu na ƙarshe, Malam Edita, hoton da kuka haɗa da maƙalar ne. Mutumin yana tsaye a cikin kwalekwale, robar bindigarsa a ɗane, ga wani zaune a gabansa. Ba a ɗana wannan bindiga sai a cikin ruwa, kuma ba a fitowa da ita sai an sauke robar, ko da an kulle kunama, don makullin ɗan ƙaramin abu ne da ke iya zamewa. A sarari babu ruwan da zai rage wa mashin gudu, kuma idan ya kai ƙarshen igiya yana iya tsinke ta ko ya dawo kan mai harbin. Idan za ku sake buga wani abu a kan harkar nan, don Allah a sauya hoton.

Na gode.

Naka,
Wani mai nutso, mai karanta jaridarku