Zuwa ga mutumina, maganar littafin nan

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Legas, ya aiki, ya haƙuri da mu? Mu nan alhamdulillahi kaka ta yi, mun gama yankan gero saura dawa, Inna tana gaishe ka, kullum sai ta tambaye ni wai ko ka manta hanyar Takai ne.

Dama maganar littafin nan nake so mu yi, wanda na fara tun muna sakandare kana karɓe min kana karantawa a bayan aji. Toh na gama na biyu na shiga na uku, a waya nake bugawa da daddare bayan isha, da safe in kai ta wajen mai caji a bakin tasha, in na samu netwok in tura guruf ɗinmu na WhatsApp, kuma wallahi mutane na bi, in na kwana biyu ban turo ba sai ka ga saƙo ta ko'ina.

Labarin ya canza sosai daga yadda ka san shi. Sarki ya rasu ya bar 'ya'ya biyu 'yan uba, masu zaɓen sarki suka naɗa babban, ƙaramin ya fice da daddare ya je wajen wata tsohuwar bokanya a gindin tsamiya, ta ce za ta ba shi sa'ar yaƙi amma da sharaɗi, duk garin da ya ci zai manta mutum ɗaya cikin waɗanda yake ƙauna. Da farko ya ɗauka ciniki ne mai arha. Ya manta jakadiyar da ta goya shi, ya manta amininsa, a ƙarshen na biyu ya shiga birni da tambura ana ta guɗa, uwarsa ta shigo soro da ƙwaryar fura a hannu ta dama masa da kanta kamar yadda ta saba, ya juya ya tambayi dogari wace ce wannan tsohuwar, wa ya bar ta ta shigo. Daren da na rubuta wajen nan ban iya barci ba, fitowa na yi tsakar gida na zauna kan turmi har aka kira assalatu.

Ka san daga ina na samo jijiyar abin? Daga nan ƙasarmu. Da Sarkin Kano Bello ya rasu a 1893 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello, su Yusufu 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi yarda suka fice daga birni, nan Takai suka yi sansani, nan inda muke kiwo muna yara. Yusufu ma bai ga gadon da ya fito nema ba, a Garko ya rasu, ƙaninsa Alu Babba ne ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895, kuma ko shekara goma ba a cika ba Turawa suka zo a 1903 suka karɓe duka. Jini ɗaya fa, duk jikokin Sarki Ibrahim Dabo. Shi ya sa a littafin nake yawan barin fada in koma ƙauye, in nuna rumbun da aka ƙone da mutumin da aka kama a gona alhali bai ma san sunan wanda ake yaƙin dominsa ba.

Ɓangaren tsafin kuma ban je nesa ba. Barbushe shugaban matsafa a kan Dala, da gunkinsu Tsumburbura da aka kewaye da katanga ba mai shiga sai shi, ana kawo baƙin kare da baƙin bunsuru. Sai kuma Dirki, abin tsafin sarakunan Kano na da, wanda Sarki Alwali ya sa aka fasa da gatari aka tarar Alƙur'ani ne a ciki an naɗe da fatu, mutane suka ce yadda ka fitar da shi haka za a fitar da kai, kuma shi ne sarkin Haɓe na ƙarshe a Kano. Kai in marubuci ya rasa abin rubutawa a cikin wannan ai shi ya so.

Amma akwai abin da ke damuna shi ya sa ma na rubuto. Wani dattijo a majalisa ya tare ni ya ce ya ji ina koya wa yara shirka, abin ya taɓa ni ƙwarai don mutum ne da nake ganin girmansa. Na ce Baba ai a labarin duk wanda ya je wajen boka sai ya yi asarar da ta fi abin da ya samo, ya ce to in ji tsoron Allah dai, na ce in sha Allahu. Su kuma 'yan guruf so suke yariman ya warke ya auri gimbiya a tashi lafiya, ni kuma zuciyata ta ƙi, don labaran da jarumi zai samu zoben tsafi ya kashe dubu ba tare da ya biya komai ba su ne a ganina suke sa yaro ya yi sha'awar abin.

Zan turo maka na biyun gaba ɗaya ranar Juma'a, don Allah ka karanta a nitse kar ka duba abota, ka gaya min gaskiya. Tambaya ɗaya ce ta tsaya min a na ukun, uwar ta rasu bai tuna ta ba, ko ya tuna ta ana cikin yi mata sallah? Na rubuta duka biyun na kasa zaɓa.

Ka gaida mutanen gidan, Allah ya bar zumunci.

Naka har kullum