A Daina Barin Ƙwarewa Tana Tafiya da Masu Ritaya

Malam Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin shugabannin ma'aikatu kan wata asara da ake tafkawa. Ma'aikaci ya shekara 30 a kan inji ko a sashen kuɗi, ranar ritaya sai a ce ya rubuta takardar miƙa aiki. Abin da ya sani bai shiga takarda: yadda ƙarar inji ke sauyawa kafin bel ya tsinke, ko irin rasit ɗin da masu binciken kuɗi ke tsayawa a kansa.

Wata 6 kafin ritaya a haɗa shi da matashi ɗaya. Wata biyun farko dattijo ke aiki, matashi na rubuta kowane mataki da dalilinsa. Biyu na gaba matashi ya kama, dattijo ya tsaya gefe, kada ya karɓe sifana sai in akwai haɗari. Biyun ƙarshe matashi shi kaɗai, a duba aikinsa duk mako.

Cikas ɗin yawanci daga hali yake. Dattijon da ke tsoron a sallame shi da wuri zai riƙe rabin iliminsa, kuma ban ga laifinsa ba. A ba shi tabbacin ranar ritayarsa a rubuce, a saka koyarwa cikin abin da ake auna ƙwazonsa da shi. Matashi kuwa, in ya san hanya mafi sauri a kwamfuta, ya nuna masa su biyu, kada ya gyara masa a gaban jama'a.

Na gode,
Wani mai karatu