Barka da Sallah daga Hamburg

Zuwa ga Hajiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, barkanku da Sallah, Allah ya maimaita mana. Yaya jikin Baba? Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Mun yi Idi a masallacin Turkawa, su Bayram suke ce wa Sallah. Ba ranar hutu ba ce a Jamus, baban yara daga masallaci wurin aiki ya zarce. Yara dai makaranta ta ba su izini, don tun 2012 hukumar birnin nan ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin Musulmi kan ranakun idi. Yanka a tsakar gida kuwa ba a yi, shi ya sa muka aiko muku kuɗin layya, mu muka sayi namu naman wurin mahauci.

Kin tambaye ni labarin maƙwabta. Hajiya, gaisuwar mutanen nan kalma ɗaya ce tak: Moin. Da safe Moin, da rana Moin, da dare ma Moin. Ranar da na fara jin ta, alala ce ta faɗo mini a rai, don kusan haka mutanen kudu ke kiran ta. Wai wanda ya faɗe ta sau biyu ma ya cika surutu, haka suke tsokanar juna. Ba ina kwana, ba ina gajiya, balle yaya yara. Wata uku na yi ina zaton wani laifi muka yi musu.

Akwai wata tsohuwa a hawan da ke ƙasan namu, ita kaɗai take zaune. Ran nan takwararki ta gamu da ita a matakala, ta durƙusa har ƙasa yadda kika koya mata. Sai tsohuwa ta sunkuya tana taya ta dube-dube, a zatonta wani abu ne ya faɗi! Su miƙa hannu suke yi, kuma ido cikin ido. Abin da mu muke kira tsaurin ido, shi ne ladabi a wurinsu, har malamar makaranta ta yi ƙorafin yarinyar ba ta kallon ta in tana magana. Yanzu sai na ce mata a waje ta ɗaga kai, in ta shigo gida ta sunkuyar. Ba a kuma ce wa babba Mama ko Kaka, sai Frau, wato Malama, da sunan zuriyarta. Kalmar "ke" ma biyu ce, ta girmamawa da ta sabo, kuma babba ne ke ba da izinin sauyawa. Mu har yau ba a ba mu ba.

Na taɓa kuskuren tambayar ta lafiyar jikinta. Ba ta ce lafiya lau ba. Ta tsayar da ni da jakar cefane a hannu, ta zayyana mini ciwon bayanta tun daga farko har abin da likita ya ce. Ita ce kuma ta liƙa mana takarda a ƙofa ranar Lahadin da na yi daka, don Lahadi da bayan ƙarfe 10 na dare ba a hayaniya. Amma in aka kawo mana saƙo ba ma nan, ita ke karɓa ta ajiye.

Yau na zuba soyayyen nama da waina na ba auta ya kai mata, duk da baban yara ya ce nan ba a ƙwanƙwasa ƙofar mutum ba sanarwa. Wai da ta buɗe sai ta ce nawa ne. Kafin magariba ga kwanon ya dawo a wanke, da kek a ciki. Auta dai yana ta ƙunƙuni, wai ba tukuici, ba goron Sallah.

In an samu mai zuwa, a taimaka mana da kuka da daddawa da yajin nan naki. A gaida Baba, da Yaya, da su Gwaggo, da duk mutanen layi, kowa da sunansa, a kuma ja gaisuwar da tsawo a madadina.

Taki,
'Yarki ta Jamus